Ƙurajen ruwa a gaba: yadda za ka gane nau'in harfes da lokacin da ya dace a yi gwaji

A wurinmu duk abin da ya fito a gaba sunansa ɗaya, ciwon sanyi. Ƙaiƙayi ciwon sanyi, fitar ruwa ciwon sanyi, gyambo ma ciwon sanyi. Mai tallan magani a bakin babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa ba ya neman ƙarin bayani, kafin ka rufe baki ya ƙirgo maka kafso ja da rawaya ya ƙulle a leda. Alhali cututtuka ne daban-daban, maganin wannan ba ya taɓa wancan. Wanda likita ke rubutawa herpès a takarda, wato harfes, birus ne ke kawo shi, kafson kashe bakteriya kuwa ba ruwansa da birus. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙurjin yakan bushe don kansa, sai kafso ya sha yabo, bayan wata biyu ko uku kuma abu ya dawo a daidai inda ya fito da farko.

Kada wanda abin ya same shi ya ɗauka shi kaɗai ne. A watan Disamba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da harfes na al'aura, wato fiye da mutum ɗaya cikin biyar. Yawancinsu ba su ma sani ba. Nau'in da ya fi kama gaba ya fi yawa a Afirka, kuma matan da yake kamawa sun kusa ninka maza.

Mataki na farko: duba da kyau, ka rubuta ranar

Harfes yana da tsarin da yake bi. Da farko wuri ɗaya ya riƙa tsikari, ko zafi-zafi, ko ƙaiƙayi, wani lokaci har da wani zogi da ke sauka ta ɗuwawu zuwa cinya. Bayan 'yan awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu sai wurin ya yi ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru wuri guda. Ba sa daɗewa suke fashewa, su bar miki marar zurfi mai raɗaɗi, daga baya ya yi ɓamɓaroki ya warke. A jikin mace, inda fata ke da laima, sau da yawa ba a riskar ƙurjin da ruwansa, mikin kawai ake gani. Wani kuma abin da ke fito masa bai wuce 'yar tsaga a fata ba, sai ya ɗora wa reza ko wando laifi. Yakan fito a mazakuta, a leɓɓan farji, a bakin dubura, a ɗuwawu ko a cinya.

Farkon fitowa shi ne mai wahala. Idan zai nuna alama bayan an ɗauka, yakan fito cikin kwana 2 zuwa 12. Yana zuwa da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki da kaluluwa a matsematsi, har mutum ya sayi maganin zazzaɓin sauro. Fitsari ya zama azaba, musamman ga mata. Idan ba a sha magani ba yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Dawowarsa kuwa da sauƙi: ƙuraje kaɗan, gefe ɗaya, ba zazzaɓi, cikin mako guda ko kwana goma ya tafi. Zazzaɓi, gajiya, damuwa da jinin haila suna cikin abubuwan da ke tayar da shi, domin birus ɗin ba ya barin jiki, yana kwance ne a tushen jijiya kusa da ƙashin baya.

Rubuta ranar da ka fara jin tsikarin, da ranar da ƙurji ya fito, da ranar saduwa ta ƙarshe. Ɗauki hoton wurin a cikin haske tun yana da ruwa, saboda mai yiwuwa kafin ka samu ganin likita ya bushe. Amma ka tuna wayar nan yara suna wasa da ita, ka goge hoton da zarar likita ya gani.

Sai abin da za ka bari. Kada ka fasa kafso ka barbaɗa garin a kai, kada ka shafa man goge baki, ko toka, ko shuɗin maganin nan da ke rina fata. 'Yar'uwa, ki dakata da zama cikin ruwan bagaruwa har sai an duba ki. Duk waɗannan suna sauya kamannin mikin, likita ya duba ya rasa gane abin da yake gani. Ruwa mai tsabta da ɗan gishiri ya isa wanki, sai ka wanke hannu da sabulu, kada hannun ya kai ido.

Mataki na biyu: raba shi da masu kama da shi

Tunjere shi ne wanda bai kamata a yi kuskurensa ba. Gyambonsa yawanci guda ɗaya ne, gefensa da tauri, kuma ba ya ciwo. Yana fitowa wajen mako uku bayan saduwa, ya warke don kansa cikin mako uku zuwa shida, cutar kuma ta ci gaba da aikinta a cikin jini, ta ɓata ciki, ta kashe jarirai, bayan shekaru ta taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Allurar penisilin tana warkar da shi sarai, shi ya sa rashin gano shi babbar asara ce.

Akwai wani gyambon mai laushi, mai ciwo, mai zurfi da mugunya, wanda kaluluwarsa kan kumbura har ta fashe. Shi bakteriya ke kawo shi, kuma ya ragu sosai a 'yan shekarun nan. Ƙurjin aski yana da gashi a tsakiyarsa. Ƙazuwa ta fi ƙaiƙayi da dare, za ka same ta a tsakanin yatsu, mutanen gida ma suna susa. Ƙaiƙayin mata mai zuwa da farin ruwa mai gudaji kamar kindirmo naman gwari ne ke kawo shi, ba ya yin ƙurjin ruwa. Ƙyandar biri ma takan fito a gaba, sai dai ƙurjinta ya fi girma da tauri, da ɗan rami a tsakiya.

Akwai kuma wanda ba kasafai ake kawo shi a rai ba: wasu mutane duk lokacin da suka sha kotrimokzazol, wanda aka fi sani da Bactrim, ko tetrasiklin, sai wani baƙin tabo ko miki ya fito musu a kan mazakuta ko leɓe, a wuri guda kullum. Wannan jikin ne bai karɓi maganin ba. Idan mikinka yana biyo bayan shan wani magani, faɗa wa likita sunan maganin.

Mataki na uku: fahimci nau'i biyun

Birus ɗin iri biyu ne, a takardar gwaji za ka ga HSV-1 da HSV-2. Nau'i na 1 shi ne mai fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, wanda muke cewa zazzaɓi ya fita ta baki. Yawancinmu tun muna yara muka ɗauka ta yawu da sumbar 'yan'uwa. A duniya kusan kashi 64 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 50 suna da shi. Yana kai wa ga al'aura ne idan baki ya taɓa wurin a lokacin saduwa. Nau'i na 2 kuwa ta saduwa yake yaɗuwa, gaba da gaba ko ta dubura. A ƙasashenmu, tunda nau'i na 1 ya riga ya kama baki tun ƙuruciya, ƙurjin da ya fito a gaba ya fi karkata ga nau'i na 2.

Da ido ba a raba su. Ko likitan da ya shekara talatin yana aiki ba zai kalli ƙurji ya ce wannan na 1 ne ko na 2 ba. To mene ne amfanin sani, tunda magani ɗaya ne? Amfanin yana ga abin da zai biyo baya. Mai nau'i na 2 abin yakan dawo masa wajen sau huɗu a shekarar farko, wani fiye da haka, sannan ya riƙa raguwa da tafiyar shekaru. Mai nau'i na 1 a gaba yakan gan shi wajen sau ɗaya a shekarar farko, da yawa ma ba sa sake ganinsa. Nau'i na 2 yana fitowa saman fata ko babu ƙurji: an gano cewa waɗanda ba su taɓa ganin alama ba suna fitar da birus ɗin a kusan rana ɗaya cikin goma, masu ganin alama kuma ninkin haka. Ta wannan hanyar aka fi ɗaukarsa, daga wanda bai san yana da shi ba. Sannan nau'i na 2 yana ninka haɗarin kamuwa da ƙwayar sida kusan sau uku.

Ba a ɗaukarsa daga masai, ko buta, ko tawul, ko shimfiɗa. Maganar “na ɗauko a bayan gidan makaranta” tana rufa asiri, amma ba haka cutar take tafiya ba.

Mataki na huɗu: je asibiti tun ƙurjin yana ɗanye

Wannan shi ne matakin da komai ya rataya a kansa, kuma shi ne wanda kunya ke sa a makara. Gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne wanda ake shafo ruwan mikin, ana kiransa PCR. Ma'aikacin lafiya zai fasa ƙurji ɗaya, ya goga ɗan tsinke mai auduga a gindin mikin, ya jefa cikin kwalba. Da zafi, amma na 'yan daƙiƙu ne. Gwajin yana nuna ko harfes ne, kuma ya faɗi nau'in, a daidai wurin da aka shafo. Lokacinsa mafi kyau shi ne kwana biyun farko bayan fitowar ƙurji. Da zarar ya yi ɓamɓaroki, birus ɗin ya ragu, gwaji na iya cewa babu alhali akwai. Idan aka samu irin wannan sakamakon daga busasshen miki, ba a rufe magana ba. A jira fitowa ta gaba a koma da wuri.

Ba sai ka yi dogon jawabi ba. “Likita, ƙuraje masu ruwa ne suka fito mini a gaba shekaranjiya, suna ciwo, ina so a duba, in da hali a shafi ruwan a gwada.” Shi ke nan. Gani ya kori ji, don haka ka yarda a duba wurin. Bayanin baki kaɗai shi ke sa a rubuta maka takardar magani mai layi shida. Macen da ba ta son namiji ya duba ta, ta nemi ungozomar asibiti a ɓangaren masu awon ciki. Idan Faransanci ko Fulatanci ba ya zauna miki a baki, ki tafi da wadda kika amince da ita, ko ki nemi ma'aikaciya mai jin Hausa.

Ba kowane ɗakin gwaji ke yin PCR na harfes ba, ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye kam da wuya. Tambayi manyan asibitocin yanki na Garwa, Marwa da Ngaundere, ko reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa, ko suna yi ko suna aika samfur Yawunde, kuma ka ji kuɗin kafin a shafa. Idan bai samu ba, ba a tsaya jira. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce inda babu gwaji, likita ya duba mikin, ya yi gwajin tunjere na gaggawa in akwai, ya ba da magani a ranar bisa abin da ya gani. A ganina wannan ya fi a kashe kuɗin cefanen wata guda a gwajin jinin da ba zai amsa tambayar ba.

Mataki na biyar: gwajin jini, da yadda ake karanta shi

Gwajin jini ba birus yake nema ba, garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarsa yake nema, ita kuwa tana ɗaukar lokaci. Wanda ya sadu da wata ranar Juma'a ya je gwajin jini ranar Litinin ya zubar da kuɗinsa. Ƙirga mako 12 daga ranar da kake zargi. Sakamakon da ya ce babu kafin wannan lokacin, sai an maimaita.

Wanda ya kamata ya yi shi: wanda ƙurji ke dawo masa amma gwajin shafo ruwan mikin bai nuna komai ba, wanda aka ce masa harfes ne da ido kawai yana son tabbaci, da wanda matarsa ko wadda mijinta ke da shi. Mai ɗauke da ƙwayar sida ya tattauna da likitansa. Mutumin da ba shi da wata alama, hukumomin lafiya na Amurka ma ba su ba da shawarar a yi masa ba, saboda gwajin yakan yi ƙarya. Gwaje-gwajen da aka saba yi kafin ɗaurin aure, na sida da ciwon hanta da jinin sikila, yawanci babu harfes a cikinsu.

Kafin ka biya, tabbatar an rubuta IgG, wato garkuwar da ke daɗewa a jini, mai raba nau'i, HSV-1 daban, HSV-2 daban. Wanda ya haɗe su wuri ɗaya kusan kowa a unguwarku zai fito positif, wato akwai, saboda ƙurjin leɓen ƙuruciya. Ɗaya gwajin garkuwar da ake kira IgM kuwa ka bar shi: ba ya raba nau'i, kuma ba ya tabbatar da cewa sabon kamu ne, ko da an gaya maka haka.

Idan takarda ta fito, HSV-2 positif na nufin kusan tabbas na al'aura ne, amma duba lambar da ke gefe. A gwajin da aka fi amfani da shi, lamba tsakanin 1.1 da 3.0 sau da yawa ƙarya ce, kuma an lura cewa wasu irin waɗannan gwaje-gwaje sun fi yin kuskure a jinin 'yan Afirka. Irin wannan sai an tabbatar da wani gwajin daban kafin a yarda. HSV-1 positif shi kaɗai ba ya faɗin ko a baki yake ko a gaba. Duka biyu négatif, wato babu, bayan mako 12, mai yiwuwa mikinka wani abu ne daban, a koma mataki na biyu.

Mataki na shida: kada ka fita sai an gwada sauran

Duk mai miki a gaba, a ranar a gwada masa tunjere, wanda a takarda ake rubuta TPHA da VDRL, da kuma sida. A Kamaru tun Janairun 2020 aka soke kuɗin gwajin sida a asibitocin gwamnati. Su ma suna da lokacin ɓuya, don haka ranar da mako 12 ya cika, a maimaita duka a rana guda. Mikin harfes da ya wuce wata guda bai warke ba alama ce ta raunin garkuwar jiki, a gwada sida ba tare da ɓata lokaci ba. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda ya sadu da mai ƙwayar sida ba kariya, kada ya jira ƙurji: akwai maganin rigakafin sida da ake farawa cikin awa 72.

Idan fitsari ya ƙi fita, ko ido ya yi ja yana ciwo, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da ƙagewar wuya, a tafi asibiti a daren. Harfes yana iya kawo wannan, sanƙarau ma haka, mu kuwa daga Garwa har Njamena a yankin sanƙarau muke.

Magani, da maganar cikin gida

Babu maganin da ke fitar da birus ɗin daga jiki, duk wanda ya ce yana da shi a kwalba kuɗinka yake so. Asiklobir yana rage kwanaki da raɗaɗi. A farkon fitowa ana ba da miligiram 400 sau uku a rana har kwana 10; idan ya dawo, kwana 5 ya isa, muddin an fara tun ranar tsikari. Saboda haka ka roƙi likita ya rubuta maka na ajiya, ka saya a farmasi. Wanda abin ke dawo wa sau huɗu zuwa shida a shekara ko fiye, ana iya ɗora shi a kan miligiram 400 safe da yamma kullum. A sha ruwa da yawa, balle a zafin Maris da Afrilu, mai ciwon ƙoda kuma ya faɗa tun kafin a rubuta. Na shafawa amfaninsa kaɗan ne. Don zafin fitsari, ki riƙa kwarara ruwan buta a wurin yayin da kike yi.

A ƙaurace wa saduwa daga fara tsikari har fata ta warke sarai. Kwaroron roba yana rage haɗari amma ba ya rufe ko'ina. An nuna cewa shan balasiklobir, ɗan'uwan asiklobir, kullum yana rage yaɗa nau'i na 2 ga abokin zama da kusan rabi.

Gwaji ba ya faɗin wanda ya kawo cutar gida, ba ya faɗin shekarar da ta shigo. Mutum na iya ɗauke da ita shekara goma ba alama, tun daga auren fari, sai wani zazzaɓi ya tayar da ita. Sau da yawa amarya ce ke kwanciya da farkon fitowa mai tsanani mako guda ko biyu bayan tarewa, a yi ta yi mata kallon zargi, alhali irin wannan tsananin ya fi nuna cewa yanzu ta ɗauka. A gidan da ke da uwargida da amarya, maganar ta shafi kowa. Ba sai an yi ta a tsakar gida ba: “Maigida, likita ya ce mu je tare, akwai bayanin da zai yi mana.” A bar likita ya yi bayanin.

Mai ciki

Ki faɗa wa ungozoma tun awon farko idan ke ko maigidanki kun taɓa ganin irin waɗannan ƙuraje. Wadda ta daɗe da cutar, haɗarin jaririnta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, domin garkuwarta tana ratsawa zuwa gare shi. Wadda ta ɗauka dab da haihuwa kuwa haɗarin yakan kai kashi 30 zuwa 50. Don haka idan miji ne ke da shi matar ba ta da shi, watanni ukun ƙarshe su haƙura da saduwa, har da ta baki. Mai fama da shi ana iya fara mata asiklobir kullum daga mako na 36, kuma idan naƙuda ta zo da ƙurji ko tsikari, likita kan zaɓi tiyata. Irin wannan haihuwa a asibiti ake yinta.

Bayan haihuwa, mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri, ko kaka ce, ko ranar suna ce. A cikin makonni huɗun farko, jaririn da ya ƙi kama nono, ko ya yi zazzaɓi, ko jikinsa ya saki, ko ƙurjin ruwa ya fito masa a kai, a ido ko a baki, a kai shi babban asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa akwai harfes a gidan, domin maganinsa ta jijiya ake ba shi.